Sati Huɗun Ya'akubu Mai Wankin Hula

In ka bi ta Mafoni da hantsi ka ga huluna jere a rana kan gumagumai, kamar manya sun zo taro sun ajiye kawunansu sun tafi, to ka iso rumfar Ya'akubu mai wankin hula. Mijin yayata ne. Kowa ya san akwai wasa tsakanin ƙanwar mata da mijin ya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, tun ranar da aka shafa fatiha aka ba ni izini. Sunana Raudatu. Turaren wuta da humra nake haɗawa a Moduganari, gida uku ne tsakanina da su.

A Maiduguri aka haife shi, amma iyayensa Kanawa ne. Mahaifinsa, Malam Uwais, fataucin kifi banda ne ya kawo shi, gari ya karɓe shi ya zauna. Ya'akubu bai gaji kifi ba, wai ƙarni yana tayar masa da zuciya. Sai ya zaɓi zufar kan mutane. Kuma a ba shi haƙƙinsa, ya iya aikin. Ka kawo masa hula zanna da ta sha maiƙo har zarenta ya daina nuna launi, ya jiƙa ta, ya bi ta da buroshi, ya ba ta sitaci daidai, ya kafa ta a gungume, ya buge ta. In ka zo karɓa sai ka yi ta juya ta kana tambaya ko taka ce. Har daga wasu unguwanni ake aiko masa da huluna a keke.

Inda aka samu matsala shi ne, daga wankin hula ya ɗauka ya san abin da ke ƙarƙashin hula. Ya shinshina bakinta ya ce mai ita yana da hawan jini. Ya ga gishirin zufa ya ce wannan siga ce, a gaya masa ya rage shayi. Majalisar da ke zama a bencin rumfarsa ta laƙaba masa Dakta. Da tsokana aka fara, shi kuma ya karɓa hannu biyu. Babu ciwon da bai san maganinsa ba, in dai a jikin wani yake.

Yayata Saude malamar firamare ce, aji huɗu take koyarwa tun kafin aurenta har yau. Ba ta yi aure da wuri ba. Innarmu ta kwanta shekara shida da shanyewar ɓarin jiki, Ya Saude ce ta yi jinyarta, manema suka gaji da jira suka kama gabansu. Sai a 2013, tana da talatin da ɗaya, aka ɗaura da Ya'akubu. Kafin Inna ta rasu ta faɗa mana wata magana da bakinta da ya karkace: matan gidanmu jini da wuri yake ɗauke musu. Ita tana arba'in da biyu nata ya tafi, ƙanwarta ma haka. Ta ce kada mu yi wasa da shekarunmu. Don haka Ya Saude ta shiga gidan miji tana sane cewa ba rijiya gare ta ba, randa ce, kuma an riga an sha rabi. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga nata ɗan kafin randar ta ƙafe.

Wata biyar da aure ta samu ciki. Ya'akubu ya fara tafiya yana buɗe hammata. A wata na uku cikin ya zube, aka yi mata wankin ciki, likita ta ce mahaifa lafiya lau, ta huta ta sake. Babu wanda ya ɗaga hankali a lokacin.

Ƙarshen 2014, wata Alhamis, ranar da rumfa ta fi cika saboda kowa yana son hularsa ta Juma'a, tsakuwar ƙoda ta kama Dakta a gaban majalisarsa. Ba na wurin, amma na ji daga bakin mutum biyar kuma ba su saɓa ba. Ya yi birgima a cikin ruwan sitaci. Ya kira sunan uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ya yi wasiyya, ya yafe wa kowa, ya roƙi a yafe masa. A keke napep aka kwashe shi, yana ta ƙamshin wanki. Hoto ya nuna wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba ta maƙale a hanyar fitsari. Likita ya rubuta masa wani magani, tamsulosin, ƙwaya ɗaya kullum na sati huɗu, don hanya ta saki tsakuwar ta wuce, ya ce in ta fita ya dawo a duba shi. Kwana goma sha biyu ta fita. Ya ƙulle ta a leda yana nuna wa mutane, kullum tana ƙara girma a bakinsa, har sai da ta kai goriba.

Asibiti kam bai koma ba. Ya koma ya yi me, tunda ya gane maganin? Mu a nan ba takardar likita muke ajiyewa ba, kwali muke ajiyewa. Magani ya taɓa yi maka aiki, ka adana kwalinsa, duk ranar da ka ji wani iri ka miƙa wa mai kemis ka ce irin wannan. Ni ma akwai na ciwon haƙori a ƙasan jakata, ba zan yi ƙarya ba. Amma Ya'akubu bai jira ya ji wani iri ba. Birgimar nan ta tsaya masa a rai, ya rantse ba za a sake ganinsa a ƙasa ba. Ya yanke fuskar kwalin, ya ninke ta, ya cusa a cikin hularsa inda wasu ke sa laya. Duk wata sai ya shiga kemis ɗin Nnanna a bakin layinmu, ya cire hula, ya zaro kwali.

Nnanna Ibo ne, ya fi shekara ashirin a garin nan, duk tashin hankalin da aka yi bai gudu ba. Ranar farko ya juya kwalin ya ce, “Oga Ya'akubu, wannan tsofaffi ne suka fi sha, masu wahalar fitsari. Na wa ne?”

Akwai mata biyu a shagon suna jiran a sallame su. Dakta guda ya buɗe baki a gaban mata ya ce fitsari yake tsoro?

“Na Baba ne,” ya ce.

Malam Uwais yana can Umarari wurin babbar 'yarsa, Hajiya Jannat, bai san an ɗora masa ciwo ba. Tsohon da ko farasitamol bai yarda da shi ba, sai zuma da habbatussauda. Daga ranar, duk wata Nnanna sai ya aika masa da gaisuwa, har da shawara: a gaya wa Baba kada ya riƙa miƙewa tsaye da sauri, maganin yana sa jiri. Ya'akubu ya ce zai faɗa masa.

A shekara ta biyu ya ji ɗan tsira a kwiɓi, ina kyautata zaton ɗanwake ne, sai ya mayar da ƙwayar biyu kullum. In ɗaya ta yi kyau, ai biyu ta fi. Ya ce wa Nnanna jikin Baba ya matsa, likita ya ƙara. A rumfa yake ajiye maganin, cikin wani gwangwani a bayan buhun sitaci, shi ya sa matarsa ba ta taɓa ganinsa ba. Doguwar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake sawa a cikin kwali, wadda ta faɗi komai, da ita yake ƙulle shuɗi.

Jiri ya fara ɗibarsa in ya miƙe daga wanki. Ya ce wani mai wankin hula da ya buɗe rumfa a gaba ne yake yi masa jifa. Hancinsa ya toshe rani da damina. Ya ce turarena ne, ya kafa doka kada a sake kunna shi a gidansa. Na ce masa ai dole, hancin da ya saba da zufar mutum ɗari a rana, ƙamshi zai ba shi mura. Muka yi dariya. Waɗannan biyun kowa ya ji labarinsu. Akwai na uku, shi ne bai taɓa kaiwa majalisa ba.

A shekara ta huɗu na ji shi. Ranar Asabar ce da rana, ina yi wa Ya Saude kitso a tsakar gida. Kanta a sunkuye, ba ta ganin fuskata, ina ga shi ya sa ta iya magana.

“Raudatu, ke da kika haifi uku. Namiji yana iya gamawa, kuma babu komai?”

Hannuna ya tsaya a kanta. Na ce babu komai kamar yaya?

Ta ce tun bayan ciwon tsakuwar nan, in sun sadu komai yana tafiya yadda ya saba, amma maniyyi babu, ko ɗigo. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi. Ya ce ashe karatunta na banza ne, na mazan ƙwarai ba ya zuba a banza, kai tsaye yake wucewa inda aka aike shi. Ya ƙara da cewa mace mai tarbiyya ba ta wannan binciken. Ta ji kunya har ta ba shi haƙuri.

Na ce, “Ya Saude, ki faɗa wa likita.”

Ta ce, “In tona asirin mijina a gaban baƙo? Ke ma don ke ce. Rantse ba za ki faɗa wa kowa ba.”

Na rantse. Ni da bakina ba ya ajiye komai, wannan guda ɗaya da ya kamata in yi shela da shi, shi na riƙe shekara shida. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

A waje kuwa an gama shari'a. Ya'akubu ya taɓa yi wa Ya Saude ciki, kowa shaida ne, saboda haka wankin cikin nan ne ya lalata matar. Hajiya Jannat ce ta ɗauki ragamar jinya. Babu abin da Ya Saude ba ta sha ba: sassaƙe, jiƙo, rubutu, wani baƙin tsumi da wata Bashuwa ke dafawa wanda ya sa ta gudawa kwana uku. An tsugunar da ita a kan hayaƙi har cinyarta ta saɓule. A asibiti an yi mata hoton nan da ake tura ruwa a mahaifa, sau biyu, ta fito tana bin bango. An yi mata allurar ƙwai. Kowane likita maganarsa ɗaya: Malama, ba mu ga komai ba, ki zo da maigida. Maigida kuwa ranar Alhamis aiki ya yi yawa, Juma'a masallaci, Litinin yana azumin nafila. Sau ɗaya tak aka ja shi ya je. Aka ba shi 'yar kwalbar gwajin maniyyi aka nuna masa ɗaki. Ya fito da ita yadda aka ba shi, ya ce wurin babu tsarki, shi ba zai zubar da mutuncinsa a bayan labule ba. Majalisa ta ce madalla da namiji mai kishin addini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da ya riƙa sha. 'Yan'uwansa sun yi sun yi ya ƙara aure, ya ƙi. Sai ya gyara zama ya ce, “Saude amana ce. Haihuwa ta Allah ce, ni ba zan wulaƙanta 'yar mutane ba.” Har misali ake yi da shi a unguwa, in mace ta yi faɗa da mijinta ta ce je ka ga Ya'akubu. Ya Saude ta sha yin kukan godiya a gabana, ta ce ina za ta samu mai haƙuri kamarsa. Da albashinta take yi masa dambun nama duk ƙarshen wata. Sai daga baya na gane lissafin Dakta: mace ɗaya mai kunya ta fi rufa asiri, ta biyun ba lallai ta iya shiru ba.

Ya san maganin ne, ko bai sani ba? Na daɗe ina juya wannan. Mutumin da ke gano siga a jikin hular wani ba zai kasa lura cewa wata guda abin ya ɗauke da fara shan ƙwayar ba. Ina ga ya sani irin sanin da mutum yake yi wa ɓera a ɗaki, yana jin motsi amma ba ya ɗaga tabarma. A nasa ma'aunin, hawayen Saude a cikin gida ya fi sauƙi a kan ya sake birgima a gaban benci.

Haka aka yi ta tafiya. Duk watan da jininta ya yi jinkirin kwana biyu, Ya Saude ta biya wurin Nnanna ta sayi tsinken gwajin ciki. Wani lokaci rana ɗaya suke zuwa, ita da safe kan hanyar makaranta, shi da yamma. Nnanna ya ce mata, “Allah ya sa, Malama.” Da yamma kuma ya ce wa Ya'akubu, “A gaida Baba.” Da ambaliyar 2024 ta shigo mana, ruwa har ƙirji, fayil ɗin Ya Saude na takardun asibitin shekara tara ya zama kunu. Kwalin Ya'akubu yana saman kansa, ko laima bai yi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai nasa ya yi tsawo. Farkon 2025 Malam Uwais ya rasu, yana dab da casa'in, a zaune kan buzunsa bayan la'asar, fitsarinsa lafiya lau har ranar ƙarshe. Nnanna ya rufe shago, ya ari hula ya sa, ya hau keke har Umarari ta'aziyya. Ya durƙusa a gaban masu zaman makoki ya ce Baba ya sha fama, shekara goma yana kan magani, Allah ya sa ya huta. Mutane suka fara kallon juna. Ya'akubu ya ɗaga hannu da sauri ya ja doguwar addu'a, maganar ta bi ruwa.

Amma sabo turken wawa. Sati uku bayan haka na shiga kemis ɗin sayen maganin tari, sai ga Ya'akubu. Ya amsa gaisuwata sama-sama, ya cire hula, ya zaro kwalin nan da ya yi laushi kamar tsumma, ya ajiye a kan kantar shagon.

“Irin wannan.”

Nnanna ya dubi kwali, ya dube shi. “Oga Ya'akubu, Baba ya mutu.”

“Allah ya ji ƙansa.”

“Amin. To wa zai sha?”

Dakta ya ce, “Sadaka zan yi da shi. Akwai wani tsoho, abokin Baba.”

Nnanna bai yi dariya ba. Ya juya a hankali ya kalli kwalin tsinken gwaji da ke bayansa, ya daɗe yana kallo. Da ya juyo muryarsa ta yi ƙasa, amma kunnena ba ya barci. “Shekara goma Malama tana zuwa nan. Da wannan hannu nake ba ta tsinke. Da wannan hannu nake ba ka wannan. Chineke, ya Allah! Ni ma ina da laifi, ban taɓa cewa ka kawo takarda ba.” Ya ture kwalin. “Ba zan sayar ba. Ku je asibiti, kai da ita.”

Ya'akubu ya fice. Mai wankin hula guda ya ratsa layinmu da hantsi kai babu hula, ya manta ta a kan kantar Nnanna.

Na ce, “Nnanna, mene ne?”

Ya ce in tambayi mijin yayata. Na ce ba zan motsa ba. Sai ya ce, “Wannan magani yana da kyau ga mai buƙata. Amma wasu maza yana sa su bushe.”

Nan take na tuna ranar kitso. Na kwashi hula da kwali na hau keke sai makarantar su Ya Saude. Ana hutun tara, yara suna ta guje-guje. A bakin ajinta ta rubuta sunan maganin a wayarta, ta karanta a tsaye, ta sake karantawa. Aka kaɗa ƙararrawa. Ta miƙo mini hular, ta riƙe kwalin, ta shiga ta ƙarasa darasinta, ina jiyo muryarta tana sa yara maimaita lissafin sau bakwai.

Ba ta yi masa ihu ba, ni na so ta yi. Cewa kawai ta yi, “Gobe za mu asibiti.” Ya ce gobe Alhamis. Ta ce ta sani, in ya ƙi za ta tafi Umarari ta karanta wa Hajiya Jannat abin da ke jikin kwalin, da fassara. Ranar ce Alhamis ta farko da aka rufe rumfar Dakta. Ta ce in raka su, tana son shaida.

Likita Othniel, mutumin Biu, mai furfura a gemu, ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba. Sannan ya tambayi sati nawa aka rubuta masa.

“Ranka ya daɗe, ai rigakafi ya fi magani.”

“Sati nawa, Malam?”

“Huɗu.”

Likita ya cire tabarau ya goge. Ya ce maganin ba ya hana tsakuwa haɗuwa, hanya kawai yake sassautawa. Mai rage ta shi ne yawan shan ruwa. Ruwa, abin da Ya'akubu yake wasa da shi tun safe har yamma! Sannan ya jawo takarda ya zana mana. Ya ce jijiyoyi suna aika saƙo da wani sinadari ɗan'uwan adiranalin, kuma a jikin tsokar bututun maniyyi, da jakar da ke tara shi, da bakin mafitsara, akwai 'yan wuraren da ke karɓar saƙon, su likitoci suna ce musu alfa. In lokaci ya yi saƙo ya iso, bututu ya matse ya turo, bakin mafitsara kuma ya rufe gam don kada abin ya koma baya. Wannan magani zama yake yi a wurin karɓar saƙon ya tare, sai tsoka ta saki. Shi ya sa tsakuwa ta wuce, shi ya sa tsoho mai wahalar fitsari yake samun sauƙi. Shi ya sa kuma a wasu mazan ba a turo komai, ɗan abin da aka turo ya tarar da ƙofar mafitsara a buɗe ya faɗa can, ya fita da fitsari.

“Ba kowa yake yi wa haka ba,” ya ce. “Amma in aka ninka, ya fi yi. Kai kuma ka ninka.”

Ya'akubu ya gyaɗa kai ya ce daman ya yi wannan tunanin.

Aka ba shi kwalba biyu. Wannan karon tsarkin ɗakin bai dame shi ba. Ta farko ta fito wayam kamar da, ta biyu aka ce ya yi fitsari a ciki. Da sakamako ya fito, ga ƙwayoyin maniyyin nan a cikin fitsarin, 'yan kaɗan, suna iyo. Abin da aka yi shekara goma ana nema a jikin yayata da hayaƙi da allura, ashe a masai ake zubar da shi kowace safiya. Ya Saude ta tambayi abu ɗaya: in ya daina, zai dawo? Likita ya ce galibi cikin 'yan kwanaki ko makonni.

Haka kuwa aka yi. Bai cika sati uku ba komai ya dawo. Jiri ya tafi, mai jifa ya tuba ke nan. Hanci ya buɗe, aka ɗage wa turarena takunkumi. Da aka sake gwaji aka ba shi takarda mai hatimi cewa lafiyarsa ƙalau. Dangi dai ba a gaya musu komai ba, Ya Saude ta ce a bar kaza cikin gashinta, ita ba suna take nema ba, ɗa take nema. Tana da arba'in da uku. Na ga yayata ta koma sa lalle, tana dariya har da tafa hannu.

A watan Yuli jininta bai zo ba. Agusta ma shiru. Ya'akubu ya koma buɗe hammata. Kafin a ce me, majalisa ta ji, Hajiya Jannat ta aiko da zuma da kaji biyu tana cewa tsumin Bashuwa ne ya yi aiki a makare. Tsinke ya nuna layi ɗaya, wato babu ciki, Dakta ya ce na jabu ne, ai shi daga tafiyarta ya gane, namiji ne ma. Ni kaina na fara haɗa turaren jego a ɓoye.

Farkon Satumba, ana saura kwana uku a koma makaranta, muka je wurin likitar mata, Likita Agnes. Ta ɗebi jini, ta yi hoto, ta sa muka zauna. Ba ta yi kwana-kwana ba.

“Malama, ba ciki ba ne. Jinin ne ya fara sallama. Ƙwan ya kusa ƙarewa. Ba zan ce ba zai yiwu sam ba, Allah ne mai yi, amma ba zan yaudare ki ba.” Ta duba takardar Ya'akubu, ta duba tata. “Da shekara biyar baya kuka zo mini a haka…” Sai ta rufe fayil.

Mu uku muka shiga bayan keke, Ya Saude a tsakiya. Muka wuce gada. Ya'akubu ya ninke takardarsa mai hatimi sau huɗu, ya cire hula, ya cusa ta daidai inda kwalin yake zama, ya mayar da hular ya gyara mata zama. Ya yi gyaran murya.

“To, alhamdulillahi. Ko ba komai yanzu an san inda matsalar take. Ki kwantar da hankalinki, Saude, ni ba zan sake ki ba. Na saba haƙuri.”

Na buɗe baki in yaɓa masa magana, shekara goma sha biyu ban taɓa rasa abin tsokanarsa ba, sai na ji babu komai a bakin sai ɗaci. Ƙaryar da ya bari ana yi wa yayata, ya zaunar da ita har ta zama gaskiya, kuma yanzu yana da takarda.

Ya Saude ba ta ko dube shi ba. Yatsunta take lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta, yadda take koya wa yara.

“Sati huɗu,” ta ce a hankali. “A ce ya tsaya a nan. A ce na yi shekara guda ban samu ba, a haife shi 2016. Ya shiga aji ɗaya yana da shida. Biyu. Uku.” Yatsan ya tsaya. “Aji huɗu zai shiga bana. Da ranar Litinin ni zan kira sunansa.”

Ta taɓa kafaɗar mai keke ta ce ya sauke ta a makaranta, ba ta gama rubuta sunayen sababbin yara a rajista ba.